Riƙon Kare a Ƙasashen Turawa: Al'adar da Kalmar da Za a Kira Ta da Ita

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama ya juya labarin Turawa zuwa Hausa ya san akwai kalmomin da ƙamus ba ya fid da mutum kunya a kansu, domin abin da suke nufi ba ya cikin rayuwar Bahaushe. Ga misali guda. Idan jaridar Landan ta ba da labarin wata mata da ta je gidan da ake tara karnuka marasa iyayengiji ta ɗauko ɗaya, kalmar da za ta yi amfani da ita ita ce ainihin wadda ake amfani da ita idan mutum ya ɗauki yaron da ba shi ya haifa ba, ya mai da shi ɗansa a gaban alƙali. In mai fassara ya ce matar ta sayi kare, ya yi kuskure, domin masu gidan ba su yarda ciniki suka yi ba, ko da yake ta biya kuɗi. In ya ce an ba ta kare, ya zubar da rabin ma'ana. In kuwa ya bi Turancin sau da ƙafa ya ce ta mai da kare ɗanta, to, mai sauraro ko dai ya yi dariya ko ya yi a'uziyya.

Ba za a iya zaɓar wa abu suna ba sai an san abin. Don haka wannan maƙala za ta fara da bayanin yadda waɗannan gidaje suka samo asali a Ingila da Amurka, da irin karen da ya fi cika su, watau matashin kare mai kuzari, da yadda ake miƙa shi ga sabon ubangida. Bayan haka ne za mu dawo kan kalma. Kafin mu kai can, za mu riƙa kiran gidan da sunan "mafakar dabbobi", ko "mafaka" a taƙaice.

Asalin mafaka

A shekarar 1822 majalisar dokokin Ingila ta yi doka ta hana zaluntar dabbobin gida irin su shanu da dawaki da tumaki, bisa ƙoƙarin wani wakili daga ƙasar Ailan mai suna Richard Martin. Wannan doka ba ta ambaci kare ba, sai a 1835 aka faɗaɗa ta ta haɗa da shi, aka kuma haramta haɗa karnuka faɗa don kallo. A tsakanin waɗannan shekaru biyu, watau a 1824, wasu mutane suka taru a wani gidan shan gahawa a Landan suka kafa Ƙungiyar Hana Zaluntar Dabbobi. Cikinsu har da William Wilberforce, wanda aka fi sani da yaƙi da cinikin bayi. A 1840 Sarauniya Biktoriya ta yarje wa ƙungiyar ta ƙara lambar sarauta a sunanta.

Amma mafakar karnuka kanta aikin wata mata ce, Mary Tealby, wadda a 1860 ta buɗe wani ɗan wuri a unguwar Holloway ta arewacin Landan don karnukan da suka ɓata da waɗanda yunwa ta galabaita. Jaridar The Times ta yi mata ba'a, tana ganin wauta ce a gina wa kare gida a birnin da 'yan Adam suke kwana a titi. Wannan suka, ya kamata a faɗa, ba ta rasa hujja ba, kuma har yau ana jin irinta. A 1862 mujallar da marubucin nan Charles Dickens yake gudanarwa ta buga wata maƙala mai yabon gidan, ra'ayin jama'a ya fara juyawa. Mary Tealby ta rasu a 1865, ba ta ga lokacin da aka mai da gidan unguwar Battersea a kudancin kogin Thames a 1871 ba. A can yake har yanzu, kuma tun 1883 yake karɓar kyanwoyi.

A Amurka abin ya fi muni kafin ya gyaru. A New York, cikin ƙarni na 19, karnukan da aka kama a titi, idan ba wanda ya zo ya fanshe su, akan zuba su cikin kejin ƙarfe a nutsar a kogi. Henry Bergh ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a wannan birni a 1866, sa'an nan a 1869 Caroline Earle White da mata 'yan'uwanta suka kafa mafaka ta farko a ƙasar, a birnin Filadalfiya. Kada mai karatu ya ɗauka cewa da kafa mafaka aka daina kisa. Abin da ya canja da farko shi ne hanyar kisan, aka bar nutsarwa aka koma ga iskar da ke sa barci, daga baya kuma allura. An ƙiyasta cewa a farkon shekarun 1970 karnuka da kyanwoyin da ake kashewa a mafakun Amurka sun wuce miliyan 10 a kowace shekara. Zuwa 2019 ƙiyasin ya sauko ƙasa da miliyan 1. Abu biyu ne suka fi jawo wannan ragi: fiɗiye dabbobi don kada su yi ta haihuwa barkatai, da kuma shawo kan jama'a su riƙa zuwa mafaka maimakon su je wurin masu kiwon karnuka don sayarwa. A 1994 ƙungiyar birnin San Faransisko, ƙarƙashin Richard Avanzino, ta ƙulla yarjejeniya da hukumar birnin cewa duk kare ko kyanwa mai lafiya za a nema masa gida, ba za a kashe shi don rashin wuri ba. Wasu birane suka yi koyi. Sai dai mafakar da ta yi alkawarin ba ta kisa, idan ta cika, dole ta rufe ƙofa, sai karen da aka ƙi karɓa ya koma wata mafakar wadda ba ta yi wannan alkawari ba.

Wanda ya ji an ce a Turai ana riƙon kare ya kan ɗauka tsabar shagwaɓa ce. Akwai shagwaɓa a ciki, babu shakka. Amma kowane ɗaki a mafaka ƙidayayye ne, kuma karen da ya daɗe bai samu mai ɗauka ba, ko aka ɗauka aka dawo da shi, yana tare wurin wani, shi kansa kuma ransa yana kan siraɗi.

Karen da ya fi cika mafaka

Bahaushe ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Maharbi ko mafarauci ba abin da yake so ga kare irin ƙuruciya da zafin nama, domin su ne jarinsa idan rani ya yi aka fita daji. To, abin nan da yake faranta wa mafarauci rai shi ne yake kai dubban karnuka mafaka a ƙasashen Turawa. A 1998 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a mafaku 12 na Amurka, aka tambayi mutanen da suka kawo karnukansu da kansu. An tarar kusan rabin karnukan shekarunsu tsakanin wata 5 ne da shekara 3, kuma mafi yawansu ba a taɓa kai su wurin koyon horo ba. Watau jariran kwiyakwiyi ba su ne matsala ba, don su nan da nan ake wawashe su, tsofaffi kuwa ba su kai matasan yawa ba.

Dalili na farko yana ga jini. Yawancin irin karnukan Turawa an tsara su ne shekaru aru-aru don wani aiki na musamman. Karen da ake kira Border Collie, daga iyakar Ingila da Sikotilan, an tsara shi don ya wuni yana kewaya garken tumaki a kan tuddai. Ɗan ƙaramin nan Jack Russell ya samo sunansa daga wani limamin coci na lardin Devon a ƙarni na 19, wanda ya nemi karen da zai bi dawaki a guje sa'an nan ya shiga rami ya fito da yanyawa. Husky kuwa jan keken ƙanƙara ne aikinsa. A 1925, da cutar maƙarau ta ɓarke a garin Nome na Alaska, ayarin karnuka ne suka yi ta karɓa-karɓa suka kai magani, tafiyar fiye da kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Jikokin waɗannan karnuka su ne ake saya don kyan idonsu, a kai su wani ɗaki a hawa na shida, maigida da uwargida su fita aiki da safe, ba su dawowa sai magariba. Ƙarfin da aka tanada don tumaki ko ƙanƙara sai ya ƙare a kan kujera da takalma da labule, haushi kuma ya hana maƙwabta barci.

Dalili na biyu yana ga shekaru. An daɗe masu horar da karnuka suna cewa kare ma yana da lokacin balaga da taurin kai kamar ɗan Adam, amma sai a 2020 aka gwada maganar sosai. Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle da abokan aikinta suka bi karnuka 69 daga cikin waɗanda ake shiryawa don yi wa makafi jagora. Suna da wata 5, idan mai renonsu ya ce su zauna sai su zauna. Suna kai wata 8 sai suka fara yin kunnen ƙashi da wannan umarni, alhali idan baƙo ne ya faɗa suna bi. Wani sashe na binciken ya nuna cewa zuwa wata 12 abin yakan lafa. Duk malamin da ya koyar da 'yan shekara goma sha huɗu, ya ga yaron da ke yi wa uwarsa gardama yana durƙusa wa maƙwabciya, ba zai yi mamaki ba. Abin takaici shi ne wannan lokaci mai wucewa ya zo daidai da lokacin da kwikwiyo ya daina ban sha'awa, ya yi girman da zai iya kayar da yaro, haƙurin masu gida kuma ya ƙare. Sai a yanke hukunci na dindindin a kan hali na 'yan watanni.

Dalili na uku yana ga reno na farko. John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekara 13 suna nazarin iri biyar na karnuka a Bar Harbor ta jihar Maine, cikinsu har da Basenji na ƙasar Kwango, suka buga littafinsu a 1965. Sun nuna cewa tsakanin mako 3 da wajen mako 12 ne kwikwiyo yake koyon waye nasa. Abin da ya saba da shi a wannan taƙi, mutane ne ko yara ko wasu karnuka, zai ɗauke shi ba komai ba, abin da bai gani ba kuwa yana iya jin tsoronsa har tsufa. Kwikwiyon da aka haifa a gidan masu kiwo don riba, ya yi waɗannan makonni a keji, yakan girma da tsoro, tsoro kuwa shi ne uban cizo. Saboda haka ne Ingila ta yi doka a 2020 ta hana dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba: ko dai a je wurin wanda karyarsa ta haifa, ko a je mafaka. A wannan shekarar ce kuma annobar korona ta kulle mutane a gida, aka yi ta sayen kwiyakwiyi don ɗebe kewa, waɗanda suka girma ba su ga baƙo ba, ba su kuma taɓa wuni su kaɗai ba. Da aka koma aiki, mafaku suka ga sakamakon. Tun 1978 ƙungiyar da yanzu ake kira Dogs Trust take da wani take mai jan kunnen jama'a cewa kare ba tsarabar Kirsimeti ba ce da za a yi murna da ita kwana biyu a yar.

Yadda ake miƙa shi

A Ingila, karen da aka tsinta a titi hukumar ƙaramar mulki ce take riƙe shi kwana 7. Wannan ya yi kama da abin da muka sani na kai ɓatacciyar dabba gidan mai unguwa a yi cigiya. Tun watan Afrilu na 2016 doka ta tilasta a sa wa kowane kare wata 'yar ƙwayar lantarki mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuyansa, wadda ke ɗauke da lamba, don haka cigiyar farko ita ce a karanta lambar da na'ura a nemi mai shi. In kwana 7 sun cika ba wanda ya zo, ana iya miƙa shi ga mafaka. A can likitan dabbobi zai duba shi, a yi masa allurar rigakafi, a ba shi maganin tsutsar ciki da na ƙuma da kaska, galibi kuma a fiɗiye shi, in karya ce a cire mahaifa.

Sa'an nan sai gwajin hali. Akan taɓa kwanon abincinsa da hannun roba yana cikin ci, a gitta masa wani kare, a nuna masa 'yar tsana mai girman yaro. An daɗe ana dogara da wannan gwaji wajen yanke wa kare hukuncin rai ko mutuwa. Amma Michael Hennessy da abokan aikinsa sun nuna a 1997 cewa sinadarin kotisol, wanda ke ƙaruwa a jini idan dabba tana cikin firgici, yana hawa ƙwarai a kwana ukun farko na zaman mafaka. A 2016 kuma Gary Patronek da Janis Bradley suka yi lissafi suka ce irin wannan gwaji, wajen gano karen da zai yi cizo a gida, bai fi canki-canki ba da wani abin kirki. Mu a ganinmu hujjarsu mai ƙarfi ce. Wanda aka kama aka jefa a ɗakin da karnuka ɗari suke haushi, halin da ya nuna a ranar ba lalle ne halinsa ba. Mafaku da yawa yanzu sun fi dogara da labarin tsohon ubangidansa, da abin da ma'aikata suka gani yau da gobe, da rahoton masu aikin sa kai da suke kai kare gidajensu na ɗan lokaci.

Mai neman kare shi ma ana gwada shi, kuma wannan ne yake ba baƙo mamaki. Zai cika takarda ya faɗi irin gidansa, ko nasa ne ko haya, in haya ne ko mai gidan ya yarda, ko akwai fili mai shinge, yara nawa ne da shekarunsu, awa nawa gidan yake zama ba kowa. Ƙungiyoyin Ingila sun fi ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa 4. Akan nemi duk mutanen gidan su zo su ga karen, wani lokaci sau biyu ko uku, in akwai wani kare a gida a zo da shi a haɗa su a fili. Wasu mafakun har sukan aiko mutum ya duba gidan. Ana iya ce wa mutum a'a, ko a ce wanda ka nuna bai dace da kai ba, ga wani. Akwai kuma waɗanda ba a bayarwa ko da an roƙa, domin dokar 1991 ta haramta miƙa wasu irin karnukan faɗa ga kowa. In an daidaita sai ya biya wani kuɗi, wanda sau da yawa bai kai abin da aka kashe wa karen ba, ya sa hannu a yarjejeniya. Sharaɗin da ya fi muhimmanci ga bayaninmu shi ne wanda ke cikin yarjejeniyar mafaku da yawa, cewa idan ya kasa, ba zai sayar ba, ba zai kyautar ba, sai dai ya dawo da karen inda ya ɗauko shi. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu koma kansa.

Makonnin farko

Kuskuren da sabon ubangida ya fi yi shi ne gaggawa. Yakan tara dangi su zo ganin kare, ya kai shi dandali ya kwance masa igiya, alhali karen bai san sunansa ba tukuna, balle hanyar gida. Abin da masana suke so shi ne 'yan kwanaki na shiru: wurin kwana guda, lokacin abinci guda, fita da igiya ta hanya guda. Da yawa karen yakan yi lamo da farko har a ce an dace da salihi, sai bayan mako biyu ko uku, da ya saki jiki, ainihin kuzarinsa ya bayyana. A nan ne ake yawan mai da shi.

Kuskure na biyu shi ne zaton gudu kaɗai ne maganin kuzari. Lalle matashin kare yana bukatar fita kullum, irin su Collie da Husky kuwa awa ɗaya ba ta isarsu. Amma wanda ya ce zai gajiyar da kare da jifan ƙwallo, ƙara masa ƙarfin gudu kawai yake yi, gobe sai ya nemi fiye da na yau. Ga shi kuma ƙasusuwan manyan karnuka ba su gama ƙwari sai sun wuce shekara, don haka likitoci ba su son a tilasta musu doguwar tsere tun suna ƙanana. Abin da ke kwantar da kare shi ne aikin hanci da na kai: a watsa masa abinci cikin ciyawa ya nema, a ɓoye abu ya gano, a bar shi ya yi ta shinshine-shinshine a hanya maimakon a riƙa fizgarsa, a yi masa horo na minti biyar sau uku a rana. Zaman kaɗaici ma koyar da shi ake yi, daga minti ɗaya zuwa biyar zuwa rabin awa. Horon da aka fi yarda da shi yanzu na lada ne: da zarar ya yi abin da ake so, a take a ba shi ɗan nama. Dukan karen da ya ɓata ɗaki awa uku da suka wuce ba ya koya masa komai sai tsoron dawowar maigida. Yankin Wales ma ya haramta abin wuyan da ke jan kare da lantarki tun 2010.

Wace kalma?

Yanzu mu dawo gida. Matsayin kare a wurin Bahaushe ana ganinsa a harshe. Wanda ke yi wa azzalumi aiki karen farauta ne, yaron da ke bin babbar mota karen mota ne, mai ƙiyayya marar ƙarfi kuma a ce masa kare ka mutu da haushin kura. Duk da haka, a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, har da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau bakwai kuwa bin umarni ne kawai. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta hana ajiye kare a gida sai don gona ko dabbobi ko farautar neman abinci. Masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Tausayin kare kuma ba baƙon abu ba ne gare mu, kowa ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa da huffinsa. Abin da ba mu da shi shi ne karen da ba ya aiki, wanda zamansa a ɗaki shi ne amfaninsa.

Kalmomin da ke gabanmu huɗu ne. Kiwo ita ce ta dabba, kuma ita ce za ta fara zuwa bakin kowa, sai dai kiwo yana ɗauke da sa ran amfani, nono ko nama ko kuɗi, ba ya kuma nuna cewa dabbar ta taɓa zama ta wani. Reno na jariri ne, yana ƙarewa. Tallafi ta matso kusa, don ɗan tallafi yaro ne da aka ɗauka aka rena, amma a 'yan shekarun nan gwamnati da 'yan jarida sun janye kalmar zuwa tallafin mai da tallafin karatu, har in aka ce tallafin kare sai a zaci kuɗi aka ware masa.

Saura riƙo. A nan akwai abin lura. Kalmar Turancin, idan ga yaro ce, tana nufin abin da dokar Ingila ta 1926 ta tsara: a yanke yaro daga iyayensa na jini, ya ɗauki sunan sababbi, ya zama nasu. Wannan shi ne tabanni, wanda Suratul Ahzabi ta soke a kan al'amarin Zaidu ɗan Harisa, shi ya sa kunnen Bahaushe yake ƙin fassarar kai tsaye. Riƙo ba haka yake ba. Ɗan riƙo yana zaune wurin gwaggo ko kawu ko kaka, suna ci da shi suna tufatar da shi, har su yi masa aure, amma ba a manta inda ya fito ba. Ba a saye shi ba, wanda ya bayar yana da ido a kansa, in an ga ana wulaƙanta shi ana iya zuwa a karɓe, uwar riƙo kuma in ta gaji ba ta da ikon miƙa shi ga wani sai ta mai da shi gida. In aka ɗora wannan a kan yarjejeniyar mafaka da muka bayyana, za a ga sun hau daidai: binciken gida kafin a bayar, bibiya bayan an bayar, da sharaɗin dawowa. Ashe kalmar Hausa ta fi ta Turawan kansu dacewa da abin da suke yi.

Inda ta gaza shi ne Turanci yana da kalma dabam ga mai aikin sa kai da ke ajiye kare na 'yan makonni kafin a samu mai ɗauka, kuma ita ce ƙamusoshi suka saba fassarawa da riƙo. Ana iya raba su a ce "riƙon ƙwarya" ga na ɗan lokaci, tun da Hausa ta riga ta san wannan a sarauta da mulki, a bar "riƙo" ga na dindindin. Sai a ce matar nan ta Landan ta je mafakar dabbobi ta ɗauko riƙon wani kare ɗan wata 8, wanda ya yi mako uku a hannun mai riƙon ƙwarya. A rubutun da aka yi don ɗalibai wannan ya wadatar. A labarin rediyo kuwa, inda mai sauraro ba shi da damar komawa baya, gara a ƙara jimla ɗaya a karon farko, a ce gida ne da ake tara karnukan da masu su suka kasa, ana ba da su amana ga wanda aka bincika aka yarda da shi.